Takobin Baƙo da Agogon Waziri: daga ina wasan Prince of Persia ya fito?

Wasan Prince of Persia ya fito a ƙarshen shekarar 1989 a Amurka, wato ya girmi duk wanda zai riƙe wannan ɗan littafi namu, har da mai injin fotokofin da ya buga mana shi, in dai ba tsohon ne ke wurin ba. Duk da haka akwai wata fada ta ɗalibai da nake zuwa, inda ake haɗuwa kan tsofaffin wasannin kwamfuta, kuma wanga wasa shi ne ya fi kowane haddasa gardama a cikinta. Muna buga shi a wata tsohuwar kwamfutar cinya ta hanyar DOSBox, manhajar da ke sa injin yau ya yi kamar na zamanin MS-DOS. Ana dafa shayi, ana miƙa madannai hannu zuwa hannu, wanda ya mutu ya ba na kusa da shi.

Labarin wasan gajere ne. Sarki ya tafi yaƙi, wazirinsa Jaffar ya ƙwace mulki, ya ba gimbiya awa guda ta zaɓa: ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da take so an jefa shi kurkukun ƙarƙashin fada. Kai ne saurayin. Minti 60 gare ka, na gaskiya, irin na agogon hannunka, ka ƙetare matakai 12. In ka mutu za ka koma farkon matakin, amma agogo ba ya komawa tare da kai.

Wanda ya yi shi, Jordan Mechner, haifaffen 1964 ne a birnin New York. Tun yana ɗalibi a jami'ar Yale ya fitar da Karateka a 1984, wasan faɗan karate da kamfanin Brøderbund ya sayar kuma ya samu kasuwa sosai. Da ya gama jami'a a 1985 sai ya shiga sabon aiki a kan kwamfutar Apple II, kusan shi kaɗai, kuma aikin ya ci masa wajen shekara huɗu. Mahaifinsa, Francis Mechner, shi ya tsara kiɗan. Ƙanensa David kuwa shi ne jikin jarumin. Ya sa wa yaron fararen kaya, ya ɗauke shi da kyamarar bidiyo yana gudu, yana tsalle, yana kama katanga yana hawa. Daga nan ya riƙa tsayar da kaset, yana ɗaukar hoton fuskar talabijin ɗaya bayan ɗaya, a wanke hotunan, ya bi su da baƙin alƙalami da farin ruwan goge rubutu har siffar yaron ta fito fes, ya yi fotokofinsu, sannan ya shigar da su kwamfuta. Masu zanen fim sun daɗe da sanin wannan dabara ta bin sawun hoton mutum na gaske, sunanta rotoskop, amma a wasan kwamfuta ba a saba ganin ta da kyau haka ba. Shi ya sa har yau in jarumin ya yi gudu ya tsaya, sai ka ga ya ɗan zame kafin ya daidaita, in ya juya kuma jikinsa na da nauyi. Yaro ne na gaske ya yi wannan zamiya, shekara kusan arba'in da suka wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin shi ne, wasan da muke kira wasan takobi, da farko ba a yi niyyar sa takobi a ciki ba. Mechner ya so ya yi wasan tarko da tsalle kawai: ƙasa mai ruftawa, ƙarafa masu tsini da ke fitowa daga daɓe, ƙofofi masu datse mutum biyu. Dalili ɗaya na ra'ayi ne, ya riga ya yi wasan faɗa, ba ya son maimaici. Dalili na biyu na tilas ne. Apple II da wasan ke buƙata kilobayit 128 kacal gare ta, abin da bai kai hoto guda na salularka ba, kuma motsin jarumin ya riga ya cinye wurin. Babu inda za a ajiye hoton abokin gaba. Wata abokiyar aikinsa, Tomi Pierce, ita ta dame shi da cewa wasan ba zai yi daɗi ba sai da faɗa. Mafitar da ya samu ta zama abin da aka fi tunawa a wasan: ya ɗauki hoton jarumin kansa, ya sa injin ya sake zana shi a kan kansa da ɗan gociya, sai ga wata baƙar siffa mai kyalli ta fito ba tare da ta ci wani sabon wuri ba. Inuwa ke nan. A mataki na 4 kana tsallakawa ta cikin madubi sai ta rabu da kai, a na 5 ta shanye maka magani, a na 6 ta rufe maka ƙofa kana rataye. A na 12 kuka haɗu da takobi, kuma duk sukar da ka yi mata kai ma jininka zai ragu. Hanyar wucewa ita ce ka mai da takobi kube, ka tafi gare ta ku haɗe. Ƙarancin wuri ne ya haifi wannan, ba wata falsafa ba, ko da yake a fadarmu akwai mai karatun falsafa da ya ƙi yarda.

Da Inuwa ta nuna cewa faɗa na ƙara wa wasan armashi, sai Mechner ya matse wuri ya sa dogarai. To, daga ina zai samo motsin takobi? Ya koma ga wani fim na 1938, The Adventures of Robin Hood, inda Errol Flynn da Basil Rathbone ke gwabzawa a ƙarshe. Akwai ƴan daƙiƙoƙi da su biyun ke fuskantar juna a gefe sosai, daidai yadda wasan ke buƙata, ya bi sawunsu kamar yadda ya bi na ƙanensa.

Nan ne ni, mai karatun kimiyyar harshe, na samu abin yi. A fada in dogari ya matso sai ka ji ana ihu, "Sare shi! Sare shi!" Amma ku duba da kyau, jarumin ba ya sara. Suka yake yi. Yana miƙa ƙafar gaba, ya miƙe hannu, ya soka tsinin. Hausa ta raba waɗannan biyu sarai: sara na kaifi ne, daga sama ko daga gefe, suka kuwa na tsini ne, kai tsaye. Takobin da muka sani a nan, wanda Abzinawa ke kira takoba, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, bakinsa ma ba shi da tsini sosai, don aikinsa sara ne. Bakinmu ya saba haɗa takobi da sara, shi ya sa muke faɗin abin da idonmu bai gani ba. Abin da ke kan allon kuwa salon wasan takobin Turai ne, yadda Hollywood ta koya wa ƴan fim, an naɗa masa rawani. Na kawo shawarar mu riƙa cewa "soke shi", aka yi mini dariya, wani ya ce wallahi kamar ana maganar tsire. Har yanzu "sare shi" ake cewa.

Faɗan kansa maɓalli kaɗan ne. Ɗaya na suka, kibiyar sama ta karewa, hagu da dama na matsawa da ja da baya, kibiyar ƙasa ta mai da takobi kube, wadda sabon shiga ke dannawa cikin ruɗewa ya mutu nan take, don wanda ba takobi a hannunsa suka ɗaya ke gama shi. Dogaran farko ko makaho ya kashe su. Na gaba suna karewa su rama, kai ma ka kare ka rama, ƙarfe na ta ƙara har wani ya yi kuskuren lokaci. Ƙwarangwal na mataki na 3 ba ya mutuwa ko kaɗan, sai dai ka yi ta tura shi har ya faɗa rami. Ƙaton dogarin mataki na 6 kuwa, mun sa masa suna Sarkin Fawa, shi ke raba masu haƙuri da masu gaggawa. Wanda ya saba da wasannin yanzu, inda ake danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa, a nan yake zubar da minti goma.

Sai maganar Farisa. Gaskiya Farisar wasan ba ta taswira ba ce. Sarkin ma Sultan ake kiransa, ba Shah ba. Sunan Jaffar yana komawa ga Ja'afar al-Barmaki, wazirin Halifa Haruna Rashid a Bagadaza, wanda halifan ya sa aka kashe a shekarar 803. Zuriyarsa daga Balkh take, can ƙasar Afganistan ta yau. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, Ja'afar mutumin kirki ne, abokin yawon dare na halifa. Fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940 na cikin waɗanda suka mai da shi mugun waziri mai sihiri, wasanmu ya gaji wannan a 1989, sannan Aladdin na Disney ya ƙara kafa shi a 1992. An ɓata wa bawan Allah suna shekara dubu da ɗari bayan mutuwarsa.

Amma kafin mu ce Turawa ne kaɗai ke da wannan hali, mu tuna Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fara fitowa a 1937. Mi ke faruwa a farkonsa? Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri na ƙulla makircin cin sarauta, aku na ta ba da labari don ya riƙe yaron kada ya fita. Sarki ba ya nan, waziri ya ci amana, lokaci na tafiya. Ban ce Mechner ya karanta Imam ba, ko kusa. Dukansu biyu daga rijiya ɗaya suka ɗebo, ta tatsuniyoyin Gabas da suka zagaya duniya ta hannun masu fassara. Ina ganin shi ya sa labarin wasan bai taɓa yi mana baƙunta ba. Kalmar waziri ma tamu ce yanzu, mun aro ta daga Larabci tun tuni, har muna naɗa ta. Wani abin lura kuma, a wasan farko jarumin ba yarima ba ne, baƙo ne daga wata ƙasa, ba shi da ko suna, sai ya ceci gimbiya ake masa sarautar. Mu dai Baƙo muke ce masa. Sai a Janairun 2024, da kamfanin Ubisoft ya fitar da The Lost Crown daga reshensa na Montpellier a Faransa, aka samu wasa a wannan jeri da mutanensa ke magana da Farisanci. Shekara 34 ke nan bayan na farko.

Da wasan ya fito bai yi kasuwa ba, don Apple II ta riga ta tsufa a 1989. Abin da ya cece shi shi ne juya shi zuwa wasu injuna: MS-DOS a 1990, kwamfutocin Japan, sannan Super Nintendo a 1992 inda aka faɗaɗa shi zuwa matakai 20 da minti 120. Na biyu ya fito a 1993, The Sands of Time a 2003, fim kuma a 2010. Amma yawan waɗanda suka buga na DOS ya wuce yawan waɗanda suka saya nesa ba kusa ba, domin ƙarami ne, disket guda ya ishe shi, kowa na kwafa wa kowa. Kamfanin ya san da haka, shi ya sa bayan mataki na 1 ake kai ka wani ɗaki cike da kwalabe masu haruffa, a ce ka sha wadda harafinta ya yi daidai da farkon kalma kaza a layi kaza na shafi kaza cikin littafin da ake sayarwa tare da wasan. In ba ka da littafin, guba za ka sha. Babban yayanmu a fada, wanda ya fara ganin wasan a kwamfutar ofishin kawunsa, ya ce bai taɓa sanin akwai wani littafi ba, kofin da ya iso gare su an riga an cire wannan ɗaki. Kalmar sirri dai ya sani, megahit, wadda in ka rubuta ta bayan sunan wasan za ka iya tsallake mataki ko ƙara lokaci. Mu ƙanana kuma ta salula muka fara sanin sunan, a ƙananan wasannin Gameloft na wayoyin Nokia, muna zaton can ne asalinsa.

Rubutun asali na wasan, wanda Mechner ya yi da harshen injin 6502, ya ɓace masa fiye da shekara ashirin. A 2012 mahaifinsa na share kabad ya tarar da wani kwali, ya aika masa, sai ga disket ɗin a ciki. Ko a lokacin sai da aka nemo masu tara tsofaffin injuna, cikinsu har da Jason Scott na Internet Archive, kafin a iya karanta su, kuma a watan Afrilu na shekarar aka ɗora rubutun a GitHub kowa ya gani. Mai wasan da kansa, a Amurka, da ƙyar ya tsira da aikinsa. Na DOS kuwa masoya ne suka warware shi suka sake gina shi da sunan SDLPoP, wanda ke tafiya a injunan yau ba tare da DOSBox ba.

SDLPoP ɗin nan shi ya raba fadarmu biyu, domin yana bari ka ajiye wasa a duk inda kake, ka dawo daidai wurin in ka mutu. Ɓangare ɗaya na cewa ai wuta na ɗaukewa, batirin kwamfutar ba ya kai minti arba'in, wa zai yarda ya kai mataki na 9 a ce ya koma farko? Ɗaya ɓangaren, inda nake, na cewa in ka cire tsoron agogo ka cire wasan. Tsallen da kake yi da saura minti huɗu ba ɗaya yake da wanda kake yi kana sane za ka iya maimaita shi sau ɗari ba, ko da yatsun iri ɗaya suka danna. Kuma na DOS ɗin ma ya yarda a ajiye daga mataki na 3, sai dai a farkon mataki kawai, da sauran mintocinka yadda suke. Wannan ya isa maganin ɗaukewar wuta. A ƙarshe munka yanke cewa mai koyo ya ajiye yadda ya ga dama, amma ba a rubuta sunan kowa a bayan littafin fada sai wanda ya kai ga gimbiya bisa tsohuwar ƙa'ida, a gaban shaidu biyu. Ƙwararrun duniya na gama shi cikin ƙasa da minti 20. A littafinmu suna uku ne kawai zuwa yanzu, kuma mafi sauri a cikinsu wata ɗalibar lissafi ce da ta kashe Jaffar da saura minti 11.