Ajayil: yadda masu haɗa manhaja suka daina jiran a gama gini kafin a shiga

Ka lura manhajar bankin da ke wayarka kusan kullum tana neman a sabunta ta? Da gangan ne, kuma abin yana da tarihi.

A da, ana haɗa manhaja kamar ana gina gada: a rubuta duk buƙatu, a zana, a gina, sai a ƙarshe a gwada. Injiniya Winston Royce ya bayyana wannan tsari a 1970, daga baya aka laƙaba masa sunan gangarar ruwa, domin ruwa ba ya komawa sama. Shi kansa Royce ya yi gargaɗin cewa barin gwaji sai ƙarshe ganganci ne.

Haka kuwa aka yi ta gani. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kusan dala miliyan 170 kan manhajar adana bayanan bincike, amma a 2005 ta watsar da ita. Wadda ta maye gurbinta, Sentinel, ita ma ta yi ta tafiyar hawainiya, sai da aka koma gina ta kaɗan-kaɗan a 2010, ta fara aiki a 2012.

Wannan salon shi ne ajayil. A Fabrairun 2001 masana 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Utah, suka amince da manufofi 4 da ƙa'idoji 12. Jigonsu: a fifita manhaja mai aiki kan tarin takardu, a riƙa tafiya da mai aikin, a karɓi canji ko da ya zo a makare.

Mu kawo shi gida. A ce mai shago a Ƙofar Marusa ya ba ka kwangilar manhajar lissafi. Ka ɓace wata 6, ka dawo da komai, sai ya ce ai shi bashin da yake bin mutane ne damuwarsa. An yi asarar kuɗi da amana. Da bayan mako 2 ka kai masa shafin rubuta bashi kawai, da tun ranar ka ji gyaransa. Kamar magidancin da ya gina ɗaki ɗaya ya tare, sannan ya ci gaba.

Sai dai fa ajayil na da sharaɗi. In mai aikin ba ya samun lokacin dubawa, ko ba a gwada kowane yanki, to suna kawai aka canza. Saboda haka in za ka ba da aikin manhaja, tambaya ta farko: yaushe zan fara taɓa wani abu mai aiki?