Waƙoƙin da Suka Yaƙi Yunwa: Tarihin 1984 da 1985

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu sun taɓa jin waƙar "We Are the World" a rediyo ko a wurin biki, har ma wasu ƙungiyoyin mawaƙa na matasa sun taɓa rera ta a taro. Amma kaɗan ne a cikin matasanmu suka san abin da ya haife ta. An haifi wannan waƙa a lokacin da mutane ke mutuwa saboda yunwa a arewacin Habasha. Labarinta ya cancanci a sake ba da shi, domin a cikinsa akwai tausayi na gaske da kuɗi masu yawa, akwai kuma abubuwan da aka yi shiru a kansu.

Tun daga 1983 ruwan sama ya yi ƙaranci a lardunan Tigray da Wollo da kuma Eritiriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Habasha. Amfanin gona ya lalace, dabbobi suka mutu, manoma suka sayar da shanun huɗa, suka cinye irin shuka, daga ƙarshe suka bar ƙauyukansu da ƙafa zuwa sansanonin rabon abinci. A ranar 23 ga Oktoba 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna rahoton ɗan jarida Michael Buerk daga garin Korem, da hotunan da Mohamed Amin, mai ɗaukar hoto ɗan Kenya, ya ɗauka. Mutane suka ga dubban iyaye da yara kwance a fili cikin sanyin asuba, wasu sun riga sun cika. Cikin 'yan kwanaki tashoshi ɗaruruwa a duniya suka sake nuna rahoton.

Cikin waɗanda suka kalla akwai Bob Geldof, mawaƙi ɗan Ailan, wanda tauraronsa ya fara dusashewa a lokacin. Ya kira abokinsa Midge Ure ɗan Sikotland, suka haɗa waƙa cikin gaggawa, suka sa mata suna "Do They Know It's Christmas?", wato tambaya ce ko mutanen can sun san Kirsimeti ta zo. Dabarar ba sabuwa ba ce gaba ɗaya. A 1971 George Harrison ya fitar da waƙa, ya kuma shirya babban wasa a birnin New York tare da Ravi Shankar, don 'yan gudun hijirar Bangladesh. Abin da Geldof ya ƙara shi ne tara manyan mawaƙan Birtaniya da Ailan a ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, ba tare da biyan kowa ko kobo ba. Ranar 25 ga Nuwamba 1984 kusan mutum 40 suka taru a ɗakin ɗaukar sauti na Sarm West a Landan, cikinsu har da Bono da Sting da George Michael da Phil Collins. Suka kira kansu Band Aid.

Faifan ya fito a farkon Disamba. A mako na farko an sayar da kwafi miliyan 1, ya riƙe matsayi na ɗaya a Birtaniya har mako 5, kuma jimillar abin da aka sayar a ƙasar ya wuce miliyan 3. Babu faifan da ya kai shi kasuwa a Birtaniya sai a 1997. Geldof ya yi fatan tara fam dubu 70, sai ga shi cikin shekara guda an tara kimanin fam miliyan 8. Gwamnatin Margaret Thatcher ta fara cewa dole a biya harajin ciniki a kan kowane faifai, amma da surutun jama'a ya yi yawa, sai ta amince ta ba da gudummawa daidai da harajin da ta karɓa.

A Amurka kuwa, dattijon mawaƙi Harry Belafonte, wanda ya yi gwagwarmayar 'yancin baƙar fata tare da Martin Luther King, ya ga abin kunya ne a ce Turawa na rera waƙa don Afirka, baƙaƙen fatar Amurka kuma suna zaune. Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta "We Are the World", Quincy Jones ya jagoranci aikin. An zaɓi daren 28 ga Janairu 1985 saboda a ranar ne ake bikin ba mawaƙa lambar yabo a Los Angeles, kusan kowa yana gari. Fiye da mawaƙa 40 suka kwana suna aiki har gari ya waye, cikinsu akwai Stevie Wonder da Ray Charles da Tina Turner da Diana Ross da Bob Dylan da Bruce Springsteen. A daren ne Stevie Wonder ya kawo shawarar a sa wasu kalmomi da harshen Suwahili, sai aka tuna masa cewa Habashawa ba Suwahili suke yi ba. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna yadda masu niyyar alheri ba su san mutanen da suke son taimaka wa ba.

Waƙar ta fito ranar 7 ga Maris 1985. Ranar Juma'a Mai Kyau, 5 ga Afrilu, dubban gidajen rediyo a faɗin duniya suka sa ta a lokaci guda. An sayar da fiye da kwafi miliyan 20, kuma ƙungiyar USA for Africa ta tara sama da dala miliyan 60. Kashi 90 cikin 100 aka ware wa Afirka, sauran kuma aka bar wa masu fama da yunwa a cikin Amurka kanta. Daga nan abin ya bazu. Mawaƙan Kanada suka yi tasu, na Faransa suka yi tasu. Mawaƙan bishara na Amurka, irin su Amy Grant da Steve Camp, suka fitar da "Do Something Now" don tallafa wa ƙungiyar Compassion International. Akwai kuma wadda ba a cika ambata ba: Manu Dibango ɗan Kamaru ya tara mawaƙan Afirka a birnin Faris, cikinsu har da Salif Keita na Mali da Mory Kanté na Gini da King Sunny Adé na Nijeriya, suka yi "Tam Tam pour l'Éthiopie". Ashe 'yan Afirka ba su naɗe hannu suna jira ba, sai dai kakakinsu bai kai na wasu ƙara ba.

Ƙololuwar abin shi ne wasan Live Aid na ranar 13 ga Yuli 1985, wanda aka yi a filin Wembley na Landan da filin JFK na Filadelfiya a lokaci guda. An shafe kusan awa 16 ana kiɗa, tauraron ɗan'adam yana kai hotuna zuwa ƙasashe fiye da 100, kuma an ƙiyasta masu kallo sun haura biliyan 1. Abin da aka tara ya wuce dala miliyan 100.

To, ina kuɗin suka tafi? Amintattun Band Aid sun sayi hatsi da madarar gari da magunguna da tantuna, suka ɗauki hayar jiragen ruwa. Da suka tarar masu manyan motoci a tashar jiragen ruwa ta Port Sudan sun haɗa baki sun tsauwala kuɗin dako, abinci kuma yana jibge a bakin teku, sai suka sayi motocinsu na kansu. Wani kaso mai yawa ya tafi ga ayyukan dogon zango kamar haƙa rijiyoyi, rabon iri, rigakafi da dashen itatuwa. Ba Habasha kaɗai ta amfana ba. Sudan da Chadi da Nijar da Mali da Burkina Faso da Mozambik duk sun samu rabo, domin farin 1984 ya ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma. Dattawanmu a Damagaram da Maraɗi da ƙauyukan bakin iyaka ba sa bukatar a ba su labarin wannan shekara. A wasu sassan Nijar har suna kiran yunwar "El Buhari", saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakokinta.

Babu mai musun cewa an ceci rayuka. Birhan Woldu, ƙaramar yarinyar da aka nuna hotonta a Live Aid tana gab da mutuwa, ta rayu, ta yi karatu, har ta tsaya a kan dandamali a Landan a 2005 tana murmushi a gaban duniya. Kuma bayan kuɗin faifai, waƙoƙin sun sa gwamnatocin Yamma sun ji kunya a gaban jama'arsu, suka ƙara yawan hatsin da suke aikawa, wanda ya fi abin da mawaƙan suka tara nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai abin da waƙoƙin ba su faɗa ba. Sun nuna yunwar kamar daga rashin ruwan sama kaɗai ta fito, alhali da hannun mutum a ciki. Gwamnatin soja ta Derg, ƙarƙashin Mengistu Haile Mariam, tana yaƙi da 'yan tawaye a Tigray da Eritiriya. Sojojinta sun yi ruwan bama-bamai a kasuwanni, sun ƙona gonaki, sun hana 'yan kasuwa kai hatsi daga inda ake da shi zuwa inda babu. Ana tilasta wa manoma sayar wa gwamnati hatsi a kan farashi mai arha. A Satumba 1984, lokacin da mutane ke faɗuwa a Korem, gwamnatin tana kashe maƙudan kuɗi a Addis Ababa wajen bikin cika shekara 10 da juyin mulki. Abin mamaki shi ne, su waɗannan sojoji sun hamɓarar da Sarki Haile Selassie ne a 1974 bayan an zarge shi da ɓoye yunwar Wollo ta 1973. Daga baya Derg ta kwashe kimanin mutum dubu 600 daga arewa zuwa kudu maso yamma, da yawa bisa tilas, kuma dubban mutane suka mutu a hanya da a sababbin matsugunan. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta Faransa ta fito fili ta yi magana a kan haka, sai aka kore ta daga ƙasar a Disamba 1985. Sauran ƙungiyoyin suka shiga tsaka mai wuya: in sun yi magana a kore su, yara su rasa abinci, in sun yi shiru kuma su zama kamar suna rufa wa azzalumi asiri. Ƙiyasin waɗanda yunwar ta kashe ya kama daga dubu 400 zuwa miliyan 1.

Tun a 1981 masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa "Poverty and Famines" cewa sau da yawa mutane suna mutuwa da yunwa ne saboda sun rasa ikon sayen abinci, ko da abincin yana cikin ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin buhuna jibge a kasuwa a watan Agusta, alhali gidaje na kwana babu tuwo, ya san gaskiyar wannan magana.

An yi ta zargin cewa wani ɓangare na taimakon ya faɗa hannun masu yaƙi. A 2010 BBC ta watsa wani shiri da ya sa mutane suka ɗauka kuɗin Band Aid aka karkatar aka sayi makamai. Bayan bincike, tashar ta nemi gafara a watan Nuwamba na shekarar, ta ce ba ta da hujjar da ta shafi kuɗin Band Aid. Ya kamata a riƙe wannan, don kada gyara ya koma ƙage.

Ƙorafi na biyu ya shafi mutunci. Sunan waƙar Band Aid kansa ya ɓata wa Habashawa da yawa rai. Ƙasar da sarkinta Ezana ya karɓi bangaskiyar Kirista tun ƙarni na 4, kafin bishara ta kafu a yawancin arewacin Turai, ƙasar da aka sassaƙa majami'un Lalibela daga cikin dutse, ita ce ake tambaya ko ta san Kirsimeti. Suna da tasu, suna kiranta Genna, suna kuma yin ta ranar 7 ga Janairu. Waƙar ta zana Afirka baki ɗaya kamar busasshen fili marar kogi, alhali daga tafkin Tana na Habasha ne mafi yawan ruwan da ke isa Masar ta kogin Nilu yake samo hanya, tare da sauran kogunan tsaunukan ƙasar. An sake rera waƙar a 1989, da 2004 saboda Darfur, da 2014 saboda cutar Ebola. A wannan karo na 2014 mawaƙi Fuse ODG, ɗan asalin Gana, ya ƙi shiga, yana cewa irin wannan hoto yana cutar da nahiyar. A shekarar ce kuma Tiken Jah Fakoly da Salif Keita da Amadou da Mariam da wasu suka fitar da "Africa Stop Ebola", da Faransanci da harsunan yankin, suna gaya wa mutane su amince da likita, su guji taɓa gawa, su wanke hannu. Wannan waƙa da masu ciwon take magana kai tsaye.

Shi kansa Geldof ya sauya salo. A Yuli 2005 ya shirya Live 8, inda bai nemi kuɗin jama'a ba, sai dai matsa wa shugabannin ƙasashe 8 masu arziki lamba a taronsu na Gleneagles. Wannan ya ɗora ne a kan aikin da ƙungiyar Jubilee 2000 ta fara, wadda ikilisiyoyi suka yi ruwa suka yi tsaki a cikinta, ta kuma ɗauki sunanta daga shekarar yafe bashi da ke cikin Littafin Firistoci. A shekarar aka amince a yafe bashin ƙasashe 18, cikinsu har da Habasha da Nijar da Gana da Mali. Amma a daidai makonnin da ake kiɗa a Landan, yara na mutuwa da tamowa a yankin Maraɗi, kuma kiran neman agaji da aka yi tun watanni kafin nan bai samu amsa ba sai da kyamarori suka iso. Shekara 20 bayan Korem, duniya ba ta daina jiran hoto kafin ta motsa ba.

Abubuwan da suka fi rage mutuwa daga baya ba su da amo. A 1985 aka kafa tsarin gargaɗin farko na FEWS, mai bin diddigin ruwan sama da farashin hatsi don a hango yunwa tun kafin ta iso. A 2005 Habasha ta fara shirin ba miliyoyin manoma kuɗi ko hatsi a watannin wahala, su kuma suna aikin gayya na gyaran ƙasa da hanyoyi. Duk da haka, da yaƙi ya sake ɓarkewa a Tigray a 2020, yunwa ta dawo wuraren da ta taɓa ci.

'Yan'uwa matasa, masu jita da masu ganga da masu murya a cikinmu, wannan tarihi ya nuna cewa waƙa tana iya buɗe hannun miliyoyin mutane cikin mako guda, kuma wanda ya raina wannan bai taɓa kwana da yunwa ba. Ya kuma nuna cewa aikin yana farawa ne bayan an tara kuɗin. Duk lokacin da za mu shirya waƙa ko wasa don tallafa wa masu bukata, mu fara tambayar su kansu abin da ya same su da abin da suke so. Mu bincika me ya kawo rashin, fari ne ko rikici ko tsadar kasuwa. Mu san hannun da zai kai kayan, mu nemi lissafi a rubuce, mu karanta shi a gaban waɗanda suka bayar. Kada mu ɗauki hoton kowa a halin da mu kanmu ba za mu so a gan mu ba. In damina ta wuce, taron ya watse, mu koma mu duba ko rijiyar da aka haƙa tana da ruwa.