Mai Jinya a Bakin Gado: Yadda Aikin Kula da Masu Taɓin Hankali Ya Iso Mana

A ƙasar Dakoro, idan hankalin mutum ya gushe, ba asibiti ake fara tunawa ba. Malam ake kira ya yi rubutu da tofi, ko a aika wa 'yan bori su zo su ji wane iska ne ya hau, ko a nemi boka idan ana zargin sammu. In abin ya kai ga duka, ko mutum ya fara nufar daji cikin dare, sai turu: gungumen ice mai rami, a zura ƙafa a ƙulle, a bar shi a inuwa bayan ɗaki. Ni ɗan Tagriss ne, kuma a sashen masu taɓin hankali na yi aikin jinya har na ajiye aiki. Na san turu tun ina yaro, na kuma wanke gyambon da yake bari a idon sawu bayan na girma. Waɗanda suke sa mutum a turu uwarsa ce da 'yan'uwansa, kuma tsoro ne yake sa su: kada ya faɗa rijiya, kada ya ɓata a daji ƙishirwa ta kashe shi, kada ya sari ɗan maƙwabci a shiga shari'a. Duk wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya san haka kafin ya buɗe baki ya yi wa iyali faɗa.

Abin da Turawan mulkin mallaka suka fara kawowa bai wuce turu da nisa ba, sai dai shi gini ne mai ƙofar ƙarfe. A Najeriya an buɗe gidan tsare mahaukata a Yaba ta Legas a 1907, aka yi dokar mahaukata a 1916, kuma da yawa daga waɗanda aka kama a gidan yari suka ƙare tare da ɓarayi. A Nijar, sashen da aka keɓe musu a babban asibitin Yamai shi ne wanda kowa ya sani da Pavillon E. Tsofaffin ma'aikatan da suka koya mana aiki sun ce a farkon lamari ba iyali ne suke kawo yawancin mutane ba, 'yan sanda ne suke ɗebo wanda ya dami kasuwa ko ya tsaya yana zage-zage a ƙofar wani babba. Manufar ita ce gari ya huta. Magani kuwa babu na kirki a ko'ina a duniya, har a Faransa.

A 1952 ne likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris, suka nuna cewa wani magani yana kwantar da fizge-fizge, yana rage muryoyin da majinyaci yake ji shi kaɗai. Shi ne Largactil. A 1958 aka samar da Haldol a Beljiyam. Har yau waɗannan biyun ne ginshiƙin kabad ɗin magani a sassanmu. Da zuwansu ne aka fara sallamar mutane suna komawa gida da ƙafafunsu, sai kuma wata tambaya ta taso wadda ƙofar ƙarfe ba ta taɓa yi ba: wa zai kula da mutumin nan idan ya koma?

Amsa mafi kyau daga Afirka ta Yamma ta fito. Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga karatu a Ingila, a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba majinyata ɗakunan haya. Kowane majinyaci yana zuwa da ɗan'uwansa, yawanci uwa ko 'yar'uwa, ta yi masa girki da wanki, da rana ya je asibiti a ba shi magani, da yamma ya koma cikin mutane. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki da wasu daga cikinsu. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A ɓangarenmu na masu Faransanci, Henri Collomb ne ya karɓi sashen asibitin Fann a Dakar a 1959. Ya buɗe ƙofofi, ya kafa zaman da suke kira penc, inda majinyata da 'yan'uwansu da ma'aikata suke zama a tsakar gida kowa ya faɗi abin da ke ransa, kuma aka mayar da shi ƙa'ida cewa majinyaci ya kwanta da mai jinyarsa. Daga can mujallar Psychopathologie africaine ta fara fita a 1965, kuma tasirin Dakar ya bi likitoci da littattafai har ya iso Yamai.

A wurinmu tsarin ya zauna daram, don dama Bahaushe ba ya barin nasa shi kaɗai a gadon asibiti, ga kuma ƙarancin ma'aikata. Shekaru da dama likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar gaba ɗaya ba su cika yatsun hannu ba, kuma kusan duk a Yamai suke. Da aka buɗe sassa a Damagaram da Maraɗi da Tawa, ma'aikatan jinya ne suka riƙe su, musamman waɗanda aka ƙara wa horo a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Majo, wato ma'aikacin jinya, shi ne mai karɓa, shi ne mai rubuta magani, shi ne mai sallama. A daren da mutum ɗaya yake gadin gadaje da yawa, mai jinya ce take ganin cewa ɗanta bai ci tuwo ba, ita ce take lura ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ita ce take ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Majo, zo ka gani, jikinsa ya yi zafi." Sau da yawa wannan ƙwanƙwasawar ce take ceton rai.

Ga yadda mutumin Tagriss yake isowa. A ɗaure shi da igiya ko rawani, a ɗora a amalanke zuwa likitar ƙauye. Majon can ya yi allurar barci ya rubuta takarda zuwa asibitin Dakoro, daga Dakoro kuma tafiyar fiye da kilomita 100 ce zuwa Maraɗi. Direbobi da yawa ba sa son ɗaukar mai fizge-fizge, sai an biya kuɗin kujeru uku ko huɗu. Kafin a iso an sayar da akuya. Abu na farko da nake yi shi ne in gaishe shi da sunansa, in ce a kwance igiyar a gabana, ko da maza huɗu za su tsaya kusa. Na biyu in auna zafin jiki, a duba zazzaɓin cizon sauro da sukari, in taɓa wuyansa in ji ko ya sandare. Ba duk mai sambatu ne mai taɓin hankali ba. Zazzaɓi mai hawa kai da sanƙarau suna zuwa da kama iri ɗaya, kuma wanda aka yi wa allurar barci aka manta da shi alhali sanƙarau ke gare shi, ba zai kai gobe ba. Sai an kawar da waɗannan ake yin Haldol da Valium, a sa ido.

Akwai wani abu da yake faruwa a kwana na biyu ko na uku wanda ya raba iyalai da yawa da asibiti. Haldol yakan murɗe wuyan matashi, harshe ya fito, ido ya kafe sama. Wata uwa ta taɓa riƙe rigata tana kuka, ta ce, "Ɗana, ka gani, mutanen ɓoye sun biyo shi har nan. Ka sallame mu mu koma wurin malam." Na ce, "Inna, zauna, maganin da na ba shi ne ya yi haka, kuma akwai makarinsa." Na ba shi Artane, kafin la'asar wuyan ya saki. Tun ranar shiga ya kamata a gaya wa mai jinya cewa hakan na iya faruwa. A gaya mata kuma Largactil yana sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, yana sa fata ta ƙi rana, abin da manomi yake buƙatar sani kafin ya koma gona. Ban taɓa hana rubutu ko ruƙiyya a sashenmu ba. Sharaɗina biyu ne: ba duka, ba kuma dakatar da ƙwaya.

Tsofaffi su ne aka fi zalunta a tarihin aikin nan, kuma su aka fi ƙarancin magana a kansu. Babu sashe nasu na daban; dattijo mai shekara saba'in yana kwana kusa da saurayi mai ƙarfin bijimi. Yawancinsu ma ba sa isowa. Idan tsoho ya fara mantuwa, yana fita ya kasa gane hanyar gida, ana cewa gigin tsufa ne a bar shi. Idan tsohuwa ce marar ɗa namiji a kusa, tana magana ita kaɗai da dare, wani lokaci sai a jefe ta da maita, kuma wannan ƙazafi ya fi ciwon kansa kisa. Waɗanda aka kawo kuwa sun kasu. Wani ruɗewar tasa ta kwana uku ce kawai, kuma idan ka danna mararsa za ka ji ta cika tam, fitsari ne ya ƙi fita. A sa roba, washegari ya tambayi ina carbinsa. Wani ya daina ci, ya daina magana, ya juya fuska ga bango, kowa yana cewa tsufa ne, alhali baƙin ciki ne mai magani. Na ga irin wannan a cikin dattawan Buzaye da Fulani da garkensu ya ƙare a farin 1984, mutanen da suka wayi gari ba su da abin kiwo ba su kuma da abin cewa. Maganin tsoho kaɗan-kaɗan ake farawa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za a ba saurayi ko ƙasa da haka. Idan aka cika masa, zai tashi fitsari da dare ya faɗi ya karya ƙugu, ko ya shaƙe da kunu. Ga mai gigin tsufa na ainihi, kwanciya mai tsawo a asibiti ƙara ruɗa shi take yi, don bai san bangon ba, bai san fuskokin ba. Aikinmu a nan mu koya wa 'yarsa ko surukarsa yadda za ta yi da shi, mu sallame su da wuri.

Kuɗi ma yana da babinsa. Bayan shirin Bamako na 1987 aka koma ga majinyaci ya biya wani abu, sai kuma aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada a dare ɗaya. Da aka kawo kula kyauta a 2006, ƙananan yara da mata masu ciki ta shafa. Babban mutum mai ciwon da zai sha wa magani shekaru bai shiga ciki ba. Daga baya tramol ya cika gari, fuskar sashenmu ta canza: samari 'yan ci-rani da masu kabu-kabu, wasu da farfaɗiya, wasu da ruɗewa, suka mamaye gadaje. Iyalan da ke da 'yan'uwa a ƙetare sukan tsallaka zuwa asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna. Wasu kuma gidajen mari suke kai nasu, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa cikin sarƙa. Najeriya ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A shekarar ce kuma aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli a Yamai, magani ya yi wuya, waɗanda suke karɓa a ƙetare suka yanke.

Abin da ya fi ci mini rai a tsawon aikina shi ne mutumin da ya warke a hannunmu, ya yi aski, ya yi mana godiya, bayan wata biyar aka dawo da shi a ɗaure. Dalilin kusan kullum ɗaya ne. Ƙwayar da muka ba shi ta wata guda ce, ranar dawowa ta faɗo a tsakiyar damina, kuɗin mota ya tafi ga iri, ɗan'uwan da zai rako shi yana bakin noma. Da ruwan farko ya sauka ma gadajenmu sukan ragu, don masu jinya suna roƙon a sallame su ko ba a gama ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin jinya na ƙauye gane waɗannan cututtuka da ci gaba da maganinsu, kuma akwai allura irin Modecate da ake yi sau ɗaya a wata ta maye gurbin ƙwayar kullum. Majon likitar Tagriss yana yi wa yara rigakafi, yana karɓar haihuwa, yana bin mai tarin fuka wata shida har ya gama magani; allurar wata-wata ba za ta gagare shi ba. Abin da yake buƙata shi ne takardar sallama ta iso hannunsa da sunan ciwo da adadin magani a rubuce, lambar wayar majon Maraɗi da zai kira idan abu ya rikice, da kwalaben allurar a kabad ɗinsa kafin hanya ta lalace a watan Yuli.