Kafe a ƙasashen waje: sunayensa, farashinsa da ladabin shansa

A Maraɗi ko Damagaram, in mutum ya zauna teburin mai shayi ya ce a ba shi kafe, kowa ya san abin da yake nufi: garin Nescafé, ruwan zafi, madarar gwangwani da ɓarin burodi. Amma ɗan kasuwa, ɗalibi ko maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai ya sauka wata ƙasa, wannan kalma ɗaya takan kawo masa abin da bai zata ba. Wani ya biya kuɗi ninki biyu, wani ya kwana ido biyu, wani ya ɓata wa mai masaukinsa rai bai sani ba, wani ma a miƙo masa kafe mai giya a ciki. Ga abubuwan da ya kamata matafiyi ya riƙe.

Iri biyu ne a kasuwa

Kusan duk kafen da ake sha a duniya daga iri biyu yake: arabika da robusta. Arabika, wanda asalinsa tsaunukan Habasha ne, ya fi ƙamshi, ɗacinsa kaɗan, kuma ya fi tsada. Robusta, da ake nomawa a Kodibuwa, Yuganda da Biyetnam, ya fi ɗaci, kuma kafeyin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke hana barci, ya kai kusan ninki biyu na arabika. Yawancin garin da ke narkewa nan take a ruwan zafi, irin wanda muka saba da shi, da robusta ake yin sa. Shi ya sa mai shan arabika karon farko yakan ji ɗan tsami-tsami ya zaci ya lalace, alhali ɗanɗanonsa ke nan.

Faransa da Italiya

A Paris, "un café" ɗan mitsitsin kofi ne baƙi wuluk mai ƙarfi, kurɓa biyu ya ƙare. Mai son a ƙara masa ruwan zafi sai ya ce "allongé", mai son ɗigon madara ya ce "noisette", mai son madara da yawa ya ce "crème". Farashi kuwa ya danganta da inda ka sha: a tsaye gaban kanta ya fi araha, a zaune ciki ya ɗara, a kujerun waje bakin titi yakan fi tsada. Doka ta tilasta wa masu gidajen su liƙa farashi inda za a gani tun daga ƙofa, kuma ladan mai hidima yana cikin kuɗin. A tuna yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, wato kofin yuro 3 ya kusa jika 2.

A Italiya ma tsayuwa ta fi zama araha. A wurare da yawa, musamman tashoshin jirgin ƙasa, sai an fara biya an karɓi ƴar takarda kafin a je kanta. Wanda ya ce "latte" kawai, madara zalla za a ba shi. Musulmi ya kiyayi sunaye uku, don dukkansu da giya ake haɗa su: "caffè corretto" a Italiya, "carajillo" a Sipaniya, da "Irish coffee" da ake samu a ƙasashe da dama.

Turkiyya

Ƴan kasuwar da ke sarin kaya a unguwar Laleli ta Istanbul za su ga shayi ya fi yawa a hannun mutane, amma kafen Turkiyya na da nasa matsayi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2013. Gari ne mai laushi ƙwarai da ake dafawa a ƴar tukunya, ba a tacewa. Da sukarin ake dafa shi, don haka tun wajen oda ake faɗa: "sade" babu sukari, "orta" matsakaici, "şekerli" mai zaƙi. Ba a motsa shi da cokali, kuma ba a shanye dusar da ta kwanta a gindin kofi. Mai son tsaraba, shagon Kurukahveci Mehmet Efendi da ke kusa da kasuwar kayan ƙamshi ta Eminönü yana wannan sana'a tun 1871.

Saudiyya da Dubai

Gahawar Larabawa ba baƙa ba ce. Suya kaɗan ake wa ƙwayar, a dafa ta da wani kayan ƙamshi da suke kira "hel", wani lokaci da za'afaran ko kanumfari, ta fito ruwan ɗorawa. Ba a sa mata sukari, dabino ne abokin tafiyarta. Daga buta mai dogon baki, "dalla", ake zuba ta a finjali, kuma da gangan ba a cika shi. Da hannun dama ake karɓa. In ka miƙa finjalin haka kawai, ƙara maka za a yi. In ka ƙoshi, sai ka ɗan girgiza shi kafin ka mayar.

Habasha, Maroko da Senegal

Matafiyanmu da yawa kan ya da zango a Adis Ababa ko Kasabalanka. A Habasha sunansa "buna". Gaban baƙo ake soya ƙwayar, a daka, a dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, "jebena", ga turaren wuta ga gugguru. Zagaye uku ake sha, kamar shayinmu na gawayi: abol, tona da baraka, kuma tashi kafin na uku ba ladabi ba ne. Gidan Tomoca da ke unguwar Piassa, wanda aka buɗe a 1953, na cikin tsofaffin wuraren sha da saye a birnin.

A Maroko, "nus-nus" rabi kafe ne rabi madara a ɗan kofin gilashi, shi ya fi kusa da abin da bakinmu ya saba. A Dakar kuwa, "café Touba" da ake sayarwa a bakin titi, yajin da ke cikinsa ba baƙo ba ne gare mu: kimba ce, wadda Wolof ke kira "jar".

Alamomin wuri mai kyau

Na farko, a duba masu shiga: inda ma'aikatan unguwa da direbobi ke cika da safe ya fi inda baƙi zalla suke. Na biyu, a saurari ƙarar injin niƙa, don ƙamshin kafe yana saurin gudu bayan niƙa, gidan kirki kuma sai an yi oda yake niƙawa. Na uku, a kofin irin na Turai, kumfa mai ruwan ƙasa ya rufe sama. In babu shi, ko ɗanɗanon ya yi ƙauri, a canza wuri. Na huɗu, a nisanci bakin wuraren yawon buɗe ido da filayen jirgi, tafiyar titi biyu ko uku takan rage kuɗi sosai. Mai sayen tsaraba ya zaɓi ƙwaya wadda ba a niƙa ba, ya duba ranar da aka soya ta a jikin leda.

Lafiya

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Ƙaramin kofi irin na Paris na ɗauke da kimanin 60 zuwa 80, don haka ƙanƙantarsa kada ta yaudari mai sha ya jera su. Jiki kan ɗauki kusan awa 5 kafin ya fitar da rabin sinadarin, ke nan kofin bayan La'asar na iya cin barcin dare. Masu hawan jini ko gyambon ciki su nemi shawarar likita kafin tafiya. Wanda kuma bai gane sunan da ke rubuce a takardar farashi ba, ya tambayi abin da ke ciki da kuɗinsa kafin ya zauna, matambayi ba ya ɓata.