Amfilifayar Jita Mai Kwaikwayo: Wacce Ya Kamata Ka Saya Don Rihazal da Ƙaramin Wasa?

Duk wanda ya fara kaɗa jitar lantarki ba ya daɗewa yake gane cewa jitar rabin aiki ce. In ba ka jona ta ba, ko na bakin ƙofa ba zai ji ka ba. Amfilifaya ce ke ba ta murya, kuma wajen sayenta ne matasa da yawa ke tafka asara. Sai mutum ya shekara yana tara kuɗi, ya sayo wadda ke da daɗi a ɗaki, ranar da ya kai ta rihazal mai ganga ya sauke hannu sau ɗaya, shi ke nan, jita ta ɓace kamar ba a zo da ita ba.

Na san a situdiyoyin Kano fiyano ce sarauniya, ita ke yin ganga, ita ke yin sarewa, har jitar ma ita ke yi. Amma masu jita na nan: ƙungiyoyin kiɗan coci a Jos da Kaduna, 'yan jami'a masu haɗa ƙaramar ƙungiya, ga kuma mutanen Agadas da jita ce ke riƙe musu biki. Mdou Moctar ma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kafin ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai a 2015. Irin wuraren da ake wannan kiɗa, fili ne, ga ƙura, ga janareta, ga jama'a na hayaniya. Da su nake auna amfilifaya, ba da bidiyon talla ba.

Me ake nufi da mai kwaikwayo?

Amfilifayoyin da aka yi suna da su a duniya, irin tsofaffin Fender da Marshall da Vox, masu kwalba ne. A cikinsu akwai wasu 'yan kwalaben gilashi da ke ɗaukar zafi, su ke ba da wannan sautin mai ɗumi. Suna da tsada, suna da nauyi, kwalaben kuma na mutuwa, samunsu a kasuwanninmu aiki ne. Mai kwaikwayo kuwa ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwati, tana karɓar sautin jitarka ta sarrafa shi ya fito kamar daga waɗancan manyan ya fito. Ta haɗa maka da eko da sauran kayan ƙawata sauti, waɗanda da sai ka saye su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Line 6 na Amurka na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya, da AxSys 212 a 1996, sai POD a 1998. Na farkon sautinsu na da ɗan ƙarfe-ƙarfe a kunne. Na yanzu kam, in ana cikin kiɗa da ganguna, da wuya ɗan kallo ya bambance.

Maganar wat, inda ake ruɗar mutane

Mai shago zai ce maka wannan wat 100 ce, ta ninka waccan mai 50 ƙara. Ba haka lissafin yake ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, wato ɗan ƙari ne da kunne zai ji, amma ba ninki ba. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. To mene ne amfanin wat mai yawa? Shi ne sautinka ya tsaya garau ko ka murɗa ƙara sama. Ƙaramar amfilifaya in ka matsa mata sai ta fara shaƙewa, sautin ya dagule. In kana kiɗan coci ko hailaif ko salon Agadas, inda kowace tsirkiya ake so a ji ta fes, wannan ya fi komai muhimmanci a wurinka.

Wani abu kuma, wat 30 na mai kwalba yakan fi wat 30 na mai kwaikwayo ƙarfi a kunne. Don haka kar ka ga wani shahararren makaɗi na wasa da mai wat 30 ka ce kai ma ta ishe ka.

Ni ma'aunina mai sauƙi ne. In akwai mai ganga a ƙungiyarku, kar ka sauka ƙasa da wat 50, kuma sifikar ta kasance inci 12. Girman sifika ma har ya so ya fi wat tasiri. Mai inci 8 ba ta tura iska sosai, sautinta siriri ne, da an buga ganga sai ta nutse.

Waɗanda suka cancanci a duba

Fender Mustang LT25 ita ce matasa suka fi faɗa wa, don tana da araha, tana da ɗan allo mai launi, ga sautuka da aka riga aka shirya, kunnawa kawai za ka yi. Wallahi tana da daɗi a ɗaki. Amma wat 25 ce da sifika inci 8. Ta koyo ce. Haka Positive Grid Spark 40, duk da lambar 40 da ke jikinta, ƙananan sifiku biyu gare ta masu inci 4 kowacce, an yi ta ne don tebur da waya. Ita ma Yamaha THR10II layinsu ɗaya. Duka ukun ba na kushe su, sai dai ba su aka yi wa filin biki ba.

Wadda nake nuna wa mutum da farko ita ce Boss Katana-50. Boss reshen kamfanin Roland ne na Japan, sun fito da Katana a 2016, suka sabunta ta da MkII a 2019, sai Gen 3 a 2024. Wat 50 ce, sifika inci 12, nauyinta bai kai kilo 12 ba, ka ga za ta hau Keke Napep ba rigima. Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin rage ƙarfi: kana iya sa ta a wat 50, ko 25, ko rabin wat. Da daddare a gida ka sa rabin wat, maƙwabta na barcinsu, gobe a rihazal ka mayar 50. Kuma fuskarta maɓallan murɗawa ne irin na amfilifayar gargajiya, ba sai ka shiga lalube a allo ana tsakiyar waƙa ba. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce Katana ba ta kwaikwayon wata amfilifaya da suna, sautukan Boss ne na kansu. Gaskiyarsu, amma wannan muhawara ba ta taɓa hana kowa rawa ba.

Inda ta gaza shi ne wurin ajiye sauti. MkII ta wat 50 guda huɗu kawai take ajiyewa, kuma babban makunnin ƙafa na Boss, GA-FC, ba ya aiki da ita, sai dai ƙananan. In kai mai yawan sauya sauti ne a tsakiyar waƙa, gara ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Katana-100, wadda ke ajiye takwas, tana karɓar GA-FC, kuma tana da ƙofar fitar da sauti zuwa miksa.

Wannan ƙofar kuwa kar ka raina ta. A coci ko ɗakin taro inda akwai manyan sifiku, ba amfilifayarka ce za ta cika wurin ba. Aikinta kai ka ji kanka, sauran kuma miksa ta ɗauka. In amfilifayar na da ƙofa mai fil uku irin ta makirfo, waya ɗaya ta gama magana. Line 6 Catalyst 60, wadda ta fito a 2022, tana da ita, ga wat 60 da sifika inci 12. Fender Mustang GTX100 ma na da ita, kuma tana zuwa da makunnin ƙafarta a kwali, sai dai ta fi tsada. In taka ba ta da ƙofar, ba a mutu ba, a dasa makirfo a gaban sifikar, haka aka saba tun da can.

Yawan sautuka kuwa, ni ba ya ruɗa ta. Za a ce maka wannan na da ɗari biyu. A wurin wasa uku za ka yi amfani da su: garau, mai ɗan gurnani, da na lokacin da aka bar maka fili kai kaɗai. In waɗannan ukun sun yi daɗi, sauran ado ne.

Wuta

Nan ne namu ya bambanta da na Turawa. Wutar Najeriya da Nijar tsakanin bolt 220 ne zuwa 230, ta Amurka kuwa 120. Tokunbo da yawa daga Amurka suke zuwa. Kafin ka jona, juya bayan amfilifayar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani nan take. In an rubuta 100 zuwa 240, ko 220 zuwa 240, ka huta.

Sannan ka tuna kwamfuta ce a ciki. Tsohuwar amfilifaya mai sauƙin haɗi in ta lalace, mai gyaran rediyo na unguwa zai iya canza abu ɗaya ko biyu ta tashi. Mai kwaikwayo in babban allon cikinta ya ƙone, sau da yawa sai an nemo wani daga waje, kuɗinsa kuma ya kusa na sabuwa. Saboda haka kuɗin sitabilaiza na cikin kuɗin amfilifaya, ka lissafa su tare tun farko. A wurin biki kar ka jona sai janareta ya tashi ya daidaita, kuma ka cire kafin a kashe shi. Lokacin hunturu a ɗinka mata riga, tela zai yi maka da ɗan kuɗi kaɗan, don ƙura ce ke sa maɓallan murɗawa su fara ƙarar ƙaiƙayi.

In wurin da kuke wasa wuta ba tabbas ko kaɗan, akwai Roland Cube Street EX, mai aiki da batir ƙanana guda takwas, tana kaiwa wat 50 kuma tana karɓar makirfo. Da kalangu ko ƙwarya za ta yi, amma kar ka haɗa ta da cikakkun ganguna ka ce za ta yi abin da Katana ke yi.

In ta hannu za ka saya

Ko a Alaba ta Legas ne, ko a hannun wani makaɗi, tafi da jitarka da wayarka, kar ka yarda a gwada maka da tasu. Ka murɗa ƙara ta kai inda za ka yi wasa da ita, ka kaɗa tsirkiya mafi kauri, ka saurara ko sifikar na karkarwa kamar takarda. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ajiye sauti ɗaya, kashe ta, sake kunnawa, ka ga ko yana nan. Ka girgiza wayar a bakin ƙofar da take shiga, don nan ne ya fi saurin lalacewa. Sannan ka bar ta a kunne kamar minti ashirin kuna ciniki, saboda wasu sai sun ɗauki zafi suke fara ɗaukewa. In mai ita ya fara gaggawar a kashe, kai ma ka yi gaggawar mayar da kuɗinka aljihu.