Jirgin ruwa mai batir ya girmi kakanninmu

1/ Jiya ina karatun jarrabawa na ci karo da labarin tafkuna a Amurka da Turai da aka hana injin fetur shiga, sai mai batir kawai. Na ɗauka sabon salo ne, ashe tsohon zance ne. Ku biyo ni.

2/ A 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa jirgi mai lantarki a kogin Neva na Rasha, da mutum 14 a ciki. Matsalarsa batir, in ya ƙare ba a sake masa caji.

3/ A 1859 Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma mai ɗaukar caji, kakan wanda ke cikin motocinmu yau.

4/ Daga baya fetur ya ƙwace kasuwa. Amma a tafkin Königssee na Jamus, tun 1909 da batir jiragen fasinja suke tafiya, ba hayaƙi ba ƙara.

5/ A 1934 O. G. Schmidt ya ƙera wa masunta ƙaramin injin batir a garin Fargo na Amurka, wanda ba ya firgita kifi. Nan Minn Kota ta samo asali.

6/ Yau mai sayen ƙaramin kwale-kwale don irin waɗannan tafkuna daga batir yake fara lissafi. Na dalma mai 100Ah ya kusa kilo 30, kuma in kana shanye fiye da rabin cajinsa zai mutu da wuri. Na litiyom nauyinsa kusan rabin haka ne, sai dai tsada.

7/ Ciwon kan Jacobi dai yana nan: batir ya ƙare a tsakiyar ruwa. Don Allah kar ka bar filafili a gida.