Yadda Barden Della Bella Ya Hau Takarda

A gidajen tarihi na Turai akwai wasu ƙananan hotuna masu zagaye da Stefano della Bella, ɗan birnin Florence na Italiya, ya buga wajen 1650. Kowane ɗaya barde ne bisa ingarma: wasu 'yan Poland, wasu 'yan Hungary, wasu baƙaƙen Afirka. Asalin irin waɗannan hotuna kuwa daga maƙera yake.

Maƙeran zinariya da azurfa sun daɗe suna sassaƙa ado a jikin ƙarfe. A ƙarni na 15 aka gano cewa idan aka cika layukan da tawada, aka goge saman, aka danna takarda mai danshi, zanen zai fito, kuma a sake bugawa sau da yawa. Marubuci Giorgio Vasari ya ba Maso Finiguerra na Florence wannan yabo, ko da yake maƙeran Jamus sun riga shi.

Sassaƙa jan ƙarfe da hannu aiki ne mai wuya. Sauƙi ya zo wajen 1500 daga masu ƙawata sulke a Augsburg, irin su Daniel Hopfer. Sai a shafe faranti da kaki, a yi zane da allura, a tsoma shi cikin ruwan asid, ruwan ya ci inda allurar ta bi kaɗai. Da wannan dabara hannu ya sami sakewa, har ya iya kama sukuwar doki. Antonio Tempesta, shi ma ɗan Florence, ya buga dawakan ƙasashe dabam-dabam a 1590.

An haifi della Bella a 1610, ya kuma fara koyo a gaban maƙerin zinariya kafin gidan Medici ya ɗauki nauyinsa zuwa Roma. A 1633 jakadan Poland, Jerzy Ossoliński, ya shiga birnin don gaida Fafaroma Urban na 8, da dawakai da raƙuma da kayan ado, kamar hawan sallah. Della Bella ya zana jerin gwanon, ya buga shi a takardu shida da ake jonawa. A nan idonsa ya koyi sirdi da linzami da suturar mutanen gabas.

Daga 1639 zuwa 1650 yana Paris, inda masu buga hotuna ke neman abin da kasuwa za ta so, baƙin mahaya kuwa suna da farin jini. Kafin rasuwarsa a 1664 ya bar zane-zanen bugu fiye da 1,000.

A da, sai sarki ko sarkin yaƙi ake yi wa mutum-mutumin tagulla bisa doki. Farantin jan ƙarfe ya sa mahayin da ba a san sunansa ba ya sami hoto, ɗan kasuwa kuma ya iya sayensa.